Waya a Hannun Manomi: "In Ta Ɓaci, Wa Zan Kama?"

A wannan fitowa ba maganar iri ko taki za mu yi ba, ko da ya ke za su shigo ciki. Maganar wayar hannu ce, wadda yanzu ta zama kamar fartanya, da wuya ka shiga gida ka rasa ta.

Cikin watan Yuli da ya wuce waɗansu samari biyu suka zo mana daga birni da wata manhaja da suka yi. Manhaja, ga wanda bai saba da kalmar ba, ita ce irin tsarin nan da a kan zuba cikin babbar waya domin ta yi wani aiki, kamar yadda WhatsApp ke kai saƙo. Tasu an shirya ta ne domin manomi ya ɗauki hoton ganyen da bai gamsu da shi ba, ita kuwa ta faɗa masa sunan ciwon da maganin da zai saya. Suka roƙe mu mu tara musu manoma su gwada. Muka tara jama'a a gindin mangwaro, bakin makarantar firamare ta wani ƙauye a ƙasar Lere, inda masara ce babban abin noma.

Samarin masu ladabi ne, sun kuma san aikinsu. Aka tsinko ganyen masara wanda tsutsa ta huda, suka ɗauki hotonsa, nan da nan sunan tsutsar ya fito. Jama'a suka yi mamaki, har da masu tafi. Da aka ce ko akwai mai tambaya, sai wani dattijo da ke zaune a kan kututture ya gyara murya ya ce, "'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari, na kuwa ji abin da kuka faɗa. Amma in na bi maganar wannan abu, na sayi magani na fesa, masarata ta ƙone, wa zan kama? Malam ga shi nan, in ya ɓata mini gona na san gidansu, na san ubansa."

Aka fashe da dariya, mu ma muka yi. Amma samarin ba su sami abin amsawa ba. Mu kuwa da muka hau babur za mu koma, maganar Baba ta yi ta yi mana yawo a rai, gama mun ga ta taɓo ainihin abin da ya sa manhajoji da yawa na noma ke mutuwa tun ba su kai kaka ba.

Manomi ba ya gudun waya

Sau da yawa in mun je taro a birni mu kan ji ana cewa wai manomin ƙauye yana tsoron sabon abu, sai an wayar masa da kai tukuna. Mu da mu ke kwana mu tashi tare da shi ba mu yarda da wannan magana ba. A shekarar 2001 ne wayar salula ta shigo Nijeriya sosai, sa'ad da MTN da Econet suka fara aiki. A lokacin layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Amma da farashi ya sauko, wane malamin gona ne ya bi ƙauyuka yana roƙon mutane su sayi waya? Babu. Manomi da kansa ya sayar da akuya ko buhun waken soya ya saya, domin ya ga amfaninta da idonsa.

Ku dubi abin da ya ke yi da ita. Kafin ya ɗora buhu a mota ya kan kira ɗan'uwansa a kasuwar Saminaka ya ji yadda masara ta kwana. Ya kan kira mai injin casa, da mai tarakta, da 'yan ƙwadago. In saniyar huɗa ta ƙi cin abinci ya kan kira malamin dabbobi. Da dare ita ce tocila, da safe ita ce rediyo. In kuwa ba kati, ya yi wa ɗansa na Kaduna filashin, ɗan ya kira. A wuraren da ba zaman lafiya, da ita a ke sanar da juna ko hanyar gona ta yi kyau yau. Mutumin da ke yin wannan duka ba za a ce yana tsoron waya ba.

Har masana sun auna wannan amfani. Wata malama ta Jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tarar bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta kai. Sai dai fa 'yan kasuwa ne suka fara cin moriyar abin, gama su ke da jari da mota. Manomin da ya ji cewa farashi ya fi kyau a Dawanau ta Kano, amma buhunsa 3 ne kawai, ga mai bashi a bakin ƙofa, jin labarin bai ƙara masa ko kwabo ba.

Abin da muka gani a kan tabarma

A ranar taron nan, bayan an gama dariya, muka ce kowa ya fito da wayarsa ya ajiye a kan tabarma, domin baƙinmu su gani. Abin da aka tara ya isa darasi. Galibi ƙananan wayoyi ne masu maɓalli da tocila, irin su Itel da Tecno da tsofaffin Nokia, waɗansu an ɗaure su da roba, waɗansu lambobin sun goge sai mai ita kaɗai ya san inda zai danna. Manyan wayoyin shafawa 'yan kaɗan ne, duk kuwa a hannun samari su ke. Guda cikinsu gilashinta ya tsage, wata ba caji, wata kuma cike ta ke da waƙoƙi da finafinai har ba wurin da sabuwar manhaja za ta zauna.

Muka tambayi wani magidanci da mu ka san yana da halin sayen babbar waya, me ya sa bai saya ba. Ya ce, "Malam, ƙaramar nan in na yi mata caji ran kasuwa sai ta kai ni wata kasuwar. In ta faɗi a kunya na ɗauka na kaɗe. Waccan kuwa kullum sai an kai ta wurin mai caji, kamar jariri." Ba jahilci ba ne wannan, lissafi ne. A ƙauyen da ba wutar lantarki, kowane caji kuɗi ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 masu caji da janareta suka ƙara farashi, sai inda aka sami mai faifan hasken rana. A farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Manhajar da ke shan data kamar rairayi na shan ruwa, manomi zai buɗe ta sau ɗaya, ba zai sake ba.

Akwai kuma abin da mai zama a ofis ba ya tunawa, watau hannun manomi da hasken rana. Mutum yana tsakiyar gona, hannu duk laka, rana tsaka, fuskar wayar ba ta ganuwa, ga rubutu ƙanana kamar ƙwayar acca, mai wayar kuma ya wuce shekara 50 ba shi da tabarau. Wanda ya yi manhajar a ɗaki mai sanyi ya gwada ta, da hannu mai tsabta.

Darasin takin waya

Ba yau aka fara haɗa manomi da waya ba. Manya za su tuna shekarar 2012, zamanin da Dokta Akinwumi Adesina ke ministan aikin gona, da aka kawo shirin rabon taki ta waya. A kan rubuta sunan manomi da lambarsa, sa'an nan saƙo ya shigo masa cewa ya je wurin dillali ya karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi, ɗaya NPK ɗaya yuriya, tare da iri. Nufin shirin mai kyau ne, watau a raba manomi da 'yan tsakiya waɗanda suka daɗe suna karkatar da takin gwamnati. Manoma da yawa sun sami taki ta wannan hanya, waɗansunsu a karo na fari a rayuwarsu.

Waɗansunmu muna kwalejin horon malamai a lokacin, in mun zo hutu mu ne masu karanta wa iyaye saƙo. Mun ga abin da ya faru a gidajenmu. Wani tsoho ba shi da waya, ya ba da lambar ɗansa, ɗan kuwa yana Legas yana acaba, saƙo ya tafi can. Wata gwauruwa ta ba da lambar maƙwabci, maƙwabcin ya sauya layi. Wani ya ga saƙo da Turanci, ya zaci irin na tallan nan ne da ke cin kati, ya share. Waɗanda suka tsara abin sun ɗauka kowane manomi yana da waya ɗaya, da lamba ɗaya wadda ba ta sauyawa, yana kuma karanta abin da aka aiko. A ƙauye ba haka abin ya ke ba. Waya ɗaya ta kan yi wa gida guda aiki, mutum ɗaya kuma ya kan riƙe layi 2 ko 3, domin wannan ya fi kamawa a gida, wancan sai an hau tudu.

Har yanzu maganar lamba ba ta daidaita ba. Daga watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce lalle kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, daga baya aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Mutanen ƙauye da yawa layinsu da sunan wani aka yi masa rajista tun asali, saboda haka suka rasa shi. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi kuma kamfani ya kan sayar wa wani. Mu kanmu littafin da mu ke rubuta lambobin manomanmu, duk shekara sai mun bi shi da jan biro.

Wanda maciji ya taɓa sara

Abu na biyu da ke sa manomi ja da baya shi ne damfara. Da wuya ka sami ƙauyen da ba a taɓa kiran wani an ce daga banki ne, ko daga ofishin tallafin manoma, ya faɗi lambar BVN da lambar sirri za a saka masa kuɗi ba. Wanda ya faɗa ya wayi gari asusunsa wayam. Waɗansu kuma an zo har gida da riguna masu tambari, an karɓi kuɗin fom da hoto, an ce bashin noma na nan tafe, shiru ka ke ji.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar Naira ta yi wuya, dole ta sa manoma da yawa suka fara karɓar kuɗin amfaninsu ta waya. Waɗansu sun ji daɗin haka har sun zarce da shi, gama ba sa dawowa daga kasuwa da kuɗi a aljihu. Amma waɗansu an nuna musu saƙon ƙarya cewa kuɗi ya shiga, aka loda buhuna aka tafi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. To, sai ga manhaja ta zo, tun kafin ta gaya wa mutum kome tana tambayarsa sunansa, da shekarunsa, da girman gonarsa, da yawan buhunan da ya samu bara. Wani manomi ya ce mana, "Ko surukina bai san yawan buhunan da ke rumbuna ba." Yana da gaskiya. A zamanin da a ke sace mutum saboda an ji ya sayar da amfani, tambayar yawan abin da ya girbe ba ƙaramar tambaya ba ce. Mai yin manhaja ya kamata ya fara ba da wani abu mai amfani tukuna, in ya zama dole ya yi tambaya kuma ya faɗi dalili, ya faɗi wanda zai ga amsar.

Mudu da hekta

A nan ne mu malaman gona muka fi yin gardama da samarin nan, cikin raha. Muka ce su nuna mana abin da manhajarsu ke cewa a kan takin masara. Ta ce a sa kilo 120 na sinadarin naitirojin a kowace hekta. Maganar daidai ce, haka aka koya mana mu ma. Amma wane manomi ne ya taɓa sayen naitirojin a kasuwa? Buhu ya ke saye, ko mudu in kuɗi bai kai ba. Gonarsa kuma bai san ta da hekta ba, ya san ta da yawan kunya, ko kwanakin da shanu ke yi suna huɗarta, ko mudun irin da ta ke ci.

Bari mu fassara maganar yadda mu kan yi a gona. Hekta ɗaya eka 2 da rabi ce, kusan. Buhun taki kilo 50 ne. In ka sa buhu 8 na NPK 15-15-15, ka ba gonar kilo 60 na naitirojin ke nan. Sauran 60 ɗin daga yuriya za su fito, wadda ke da kashi 46 cikin 100, watau buhu 2 da rabi da ɗan ɗori. In an yi shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami, za a sami tsiro wajen 53,000 a hekta. Raba buhu 8 ɗin nan a kansu, kowane tsiro zai sami giram 7 da rabi, watau murfin kwalbar lemo guda a cike da ɗan tozo. Wannan shi ne abin da manomi zai iya riƙewa: murfi ɗaya, a tona rami ɗan nesa da gindin, a zuba a rufe. Masu bincike na cibiyar ICRISAT a Nijar sun daɗe da gane haka, shi ya sa da murfin kwalba suka koya wa manoman gero sa taki kaɗan-kaɗan a gindin shuka.

Sa'an nan wa ya ce manomin yana da kuɗin buhu 10? Mafi yawan waɗanda mu ke aiki da su buhu 2 ko 3 su ke iya saye. Tambayarsu ta gaskiya ita ce, "Ga abin da na ke da shi, yaya zan yi da shi? In watsa wa gonar duka, ko in tattara a rabi in sa wake a sauran? In haɗa da takin gargajiya?" Manhajar da ba ta san amsa wannan ba, da mai hali kaɗai ta ke magana.

Haka maganar feshi. Takarda ta ce lita kaza a hekta, manomi kuwa da gwangwanin madara ko na tumatir ya ke awo, ya zuba a tankin goyo. Tankunan ma ba ɗaya ba ne, akwai mai lita 16, akwai mai 20. Kuskure kaɗan a nan shi ke ƙona gona, ko ya sa wa mai feshin ciwo. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016, asalinta kuwa daga nahiyar Amurka, ta koya mana cewa sanin sunan magani bai isa ba. Sai an duba gona tun tsutsar tana ƙarama, a yi feshi da sassafe ko da yamma, a kuma auna bakin tankin cikin zuciyar masarar inda ta ke ɓuya. Wannan da nuni a ke koyonsa.

Da wane baki za ta yi magana?

Samarin suka ce za su juya manhajar zuwa Hausa. Muka ce madalla, amma wace Hausa? Ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa da masara, wani wuri wuta-wuta a ke ce mata, wani wuri ƙuduji. Manomanmu da yawa Kurama ne, da Gure, da Kahugu, da sauransu, Hausar kasuwa su ke ji, ba ta littafi ba. In aka ɗauko Turanci aka juya shi kalma da kalma, a kan sami abin da ba Bature ba Bahaushe mai gane shi. Waɗansu maƙwabtanmu kuma suna karatu sarai, amma da ajami, ba da boko ba.

Abin da muka gani yana aiki shi ne murya. Tun da samari suka fara sayen manyan wayoyi, saƙon murya na WhatsApp ya zama mana babban abin aiki. Mu kan ɗauki magana ta minti 2, mu faɗi sunanmu da farko, mu gaisa, sa'an nan mu ce ga abin da ya kamata a yi wannan mako. Yaro ɗaya ya karɓa, da yamma ya kunna wa mutum 10 a dandali. Waɗanda ba su da data a tura musu ta Bluetooth ko a sa a memori. An taɓa gwada irin wannan a ƙasa baki ɗaya: a 2016 aka buɗe wata hidima a layin Airtel inda mutum zai buga 321 ya saurari bayani a kan noma da lafiya da Hausa da waɗansu harsuna, ko da ƙaramar waya ce. Dabarar ta dace da wayar da ke kan tabarma. Abin da ya rage mata shi ne, muryar ba ta wanda ka sani ba ce, ba ka kuwa iya katse ta ka ce, "Tsaya, Malam, gonata jigawa ce."

Kada mu manta da mata. Su ne masu gyaɗa da wake da kuɓewa da kaji, su ne masu adana iri. Amma a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, shi kuwa yana kasuwa. Mace ba ta kan so baƙon namiji ya riƙa kiranta, ko da a kan maganar kaji ne, domin gudun zargi. Da muka gane haka sai muka roƙi abokiyar aikinmu ta riƙa ɗaukar saƙon da muryarta, a kunna a ranar taron zumuntar mata da wuraren adashi. Wata mama ta ce mata, "'Yata, yanzu kam na ji da kunnena, ba sai an gaya mini abin da aka ga dama ba."

Inda waya ta tsaya

'Yan'uwanmu manoman citta na wajen Kachia da Kwoi da Kagarko ba za su manta da daminar 2023 ba. Ciwo ya faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwar ta ruɓe a ƙasa, mutanen da suka ci bashi suka zuba a gona suka tashi ba kome. Waya ta yi aikinta a lokacin: cikin 'yan kwanaki hotuna sun zaga ko'ina, labari ya kai ga hukuma da masu bincike. Amma ta wannan hanya ɗaya magungunan ƙarya suka zaga, kowa da abin da ya ji an ce a haɗa a fesa, mutane suka ƙara hasara a kan hasara. Da shekara ta juyo kuma, abin da manomi ke nema shi ne iri mai lafiya da kuɗin sayensa. Wannan ba ya fitowa daga cikin waya.

Sabis ɗin ma ba abin dogara ba ne kullum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, har makonni. Lokacin kaka ne ya gabato. Duk wanda ya jingina aikinsa a kan intanet kaɗai, a nan ya tsaya. Shi ya sa mu ke yaba wa waɗanda suka yi tunani tun da wuri, kamar masu manhajar Nuru, wadda ke duba ciwon ganyen rogo ko ba sabis.

In muka duba waɗanda suka daɗe suna aiki, za mu ga kusan dukansu sun koma sun sa mutum a tsakani. Kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014 domin haɗa manoma da masu tarakta, ya kan yi aiki da wakilai 'yan gari, su ke bin manoma suna tattara gonaki, su ke riƙe da manhajar. RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, mai ba da shawarar takin shinkafa, ita ma a hannun malaman gona da samarin da aka horar ta fi yin aiki: su yi wa manomi tambayoyi, su danna, su fassara masa amsar da buhu da mudu. Da ɗan gari a kan ci gari. Wannan ita ce amsar tambayar Baba, ko da ya ke ba mu iya ba shi ita a ranar ba: wanda zai kama shi ne yaron da ya sani, mai riƙe da wayar.

A nan sai mu faɗi namu laifin. Waɗansunmu malaman gona ba ma son maganar manhaja, domin muna tsoron za ta karɓe mana aiki. Waɗansu kuma mun raba lambarmu a taro, amma in manomi ya kira da ƙarfe 5 na asuba ba mu ɗauka, in ya yi filashin ba mu bi, gama katin daga aljihunmu ya ke fita. Alhali kuwa mu kaɗan ne ƙwarai, malami ɗaya ga dubban manoma, babur ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Akwai kuma abin da wayar ta fi mu. Ba ta mantuwa, ba ta gajiya, ta kan kuma riƙe hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda mu kanmu sai mun duba takarda. Manomi ba ya ƙin hasashe in an gaya masa gaskiya cewa hasashe ne. Ya saba da duban gajimare da iska, ya san mai duba ya kan yi kuskure. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa lalle za a yi ruwa jibi, ya shuka irin da ya saya da tsada, sama ta yi shiru, a kuma rasa wanda zai zo ya ce masa sannu.

Kafin samarin su tafi mun zauna da su a ofishinmu har dare. Muka roƙe su abubuwa kaɗan. A sa murya a kowane shafi. A sa hoton buhun taki da kwalbar magani kamar yadda su ke a kasuwa. A bar awo da murfi da mudu. In manhajar ba ta tabbata da ciwon ba ta ce ba ta tabbata ba, kada ta yi ƙoƙarin burge mutum. A ƙarshen kowace shawara kuma a sa sunan malamin gona na yankin, yadda da danna ɗaya za a kira shi. Ɗayansu ya ce wannan na ƙarshe zai yi wuya, gama masu ba su kuɗi yawan waɗanda suka sauke manhajar su ke ƙirgawa, ba yawan waɗanda suka kira malami ba. Muka ce mun gane, amma su gaya musu abin da suka gani a kan tabarma.

Sun yi alkawari za su komo da rani, lokacin noman fadama, su kwana biyu a ƙauye a gwada gyaran a kan tumatir da albasa. Mun riga mun gaya wa Baba, ya ce a ajiye masa wuri a gaba, yana da sauran tambayoyi. Kafin lokacin, duk ƙungiyar manoma da ke so a gwada a wurinta, ko wanda ya taɓa aiki da wata manhajar noma ta amfane shi ko ta cuce shi, ya sanar da malamin gona na yankinsa, ko ya aiko mana da wasiƙa. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya aiko da murya.